Wuyan Baba ya ƙage, kansa na sunkuyowa: daga cutar Parkinson ne ko wani ciwon ne daban?

Maman Khalil, Tudun Jukun

Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 68, kuma shekara huɗu ke nan da likitoci a asibitin koyarwa na Shika, Zariya, suka tabbatar yana da cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki. Yana shan Sinemet sau uku a rana, da Artane, da amlodipine na hawan jini. Karkarwar hannun ta lafa, alhamdu lillahi. To amma tun shigowar hunturu wuyansa ya ƙage, in zai yi sallama a salla sai ya juya da kafaɗa gaba ɗaya. Ciwon yana tasowa daga ƙeya ya bazu zuwa kafaɗu. Wata rana da asuba ya fi tsanani, wata rana kuma sai in ya daɗe a tsaye, yakan ce jiri na ɗibarsa. Kansa ma ya fara sunkuyowa gaba.

Muna shafa masa man zafi, mai kemis kuma ya ba shi diclofenac da Stugeron saboda jirin. Wasu sun ce a yi masa ƙaho, wasu sun ce a kai shi wajen mai ɗori, wata kuma ta ce a sayo masa abin ɗaure wuya na soso. Ranar komawarsa asibiti sai nan da mako biyar. Don Allah masana, me za mu yi kafin lokacin?

Dakta A. (likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi)

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri kan ɗawainiya.

Kafin komai, Malama, ki duba ko akwai zazzaɓi. Zariya tana cikin yankin da sanƙarau ke yawo tun daga hunturu har faɗuwar damina, kuma mai Parkinson da wuyansa ya saba ƙagewa shi ne wanda iyali ke saurin cewa "ai ciwonsa ne" su bar shi a gida. Ƙagewar Parkinson a hankali take shigowa, cikin makonni ko watanni, kuma ba ta zuwa da zafin jiki. Ta sanƙarau cikin awoyi take bayyana, ko kwana ɗaya zuwa biyu, da zazzaɓi, da ciwon kai mai tsanani, da amai, mutum ya ƙi haske ko hankalinsa ya gushe. Wannan ba ta jiran ranar ganin likita, sashen gaggawa za a nufa a take. Haka nan idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ko hannu ya fara mutuwa abu na suɓucewa daga yatsu, ko ciwon na sauka cikin hannu da tsira-tsira har yatsu, ko ƙafafu sun yi nauyi fiye da yadda kuka saba cikin 'yan kwanaki, ko fitsari da bayan gida na zubowa ba da saninsa ba. Waɗannan alamu ne na an danne laka ko jijiya a ƙashin wuya. Ciwon da ke hana barci kullum tare da rama da gumin dare shi ma sai an bincika, don tibi na kama ƙashin baya.

In babu ko ɗaya daga ciki, to ciwon wuya ga mai Parkinson ba daga kafa ɗaya yake fitowa ba, kuma agogo ne ya fi rarrabe su, ba hoton ƙashi ba. Kusan duk mai shekara 68 da aka ɗauki hoton wuyansa za a ga ƙashi ya ɗan cinye, ko yana ciwo ko ba ya yi, saboda haka hoton kaɗai ba hujja ba ce.

Wanda ya fi yawa shi ne sandarewar tsoka ta ita kanta cutar. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suna raguwa, sai tsokar da ya kamata ta saki in kishiyarta ta ja ta ƙi saki. Tsokar gaban wuya da ta baya duk suna riƙe a lokaci guda, wuni guda, ba hutu. Levodopa da ke cikin Sinemet shi ke sassauta wannan. A shekarun farko ƙwaya ɗaya takan kai mutum har lokacin ta gaba ba tare da ya ji giɓi ba, amma bayan wasu shekaru ƙarfinta kan ƙare cikin awa uku zuwa huɗu. Tazarar da ta fi kowace tsawo ita ce daga ƙwayar dare zuwa ta safe, shi ya sa ciwon asuba da kika ambata ya ja hankalina. Idan wuyan na sakewa minti 30 zuwa awa ɗaya bayan shan magani, sannan ya sake ɗaurewa kafin lokacin na gaba, to gyaran yana wajen lokutan shan magani, kuma likitansa ne zai yi shi: ko a matso da tazarar, ko a raba adadin gida huɗu, ko a ƙara mai daɗewa a jiki da dare. Kada ku ƙara da kanku.

Akwai kuma murɗewar tsoka, inda za ki ga kai na karkata gefe ɗaya ko haɓa na juyawa wajen kafaɗa ba da son mutum ba, in kin taɓa tsokar ki ji ta yi tauri a gefe guda. Wasu in suka ɗora yatsa a haɓa ko kunci sai ya ɗan saki. Ita ma takan bi lokacin magani, in kuma ta ƙi, akwai allurar botulinum da ake yi wa tsokar, tana aiki wajen wata uku. Ba kowa ake yi wa ba, musamman mai wahalar haɗiya.

Sunkuyowar kan kuwa, ki gwada wannan: ya kwanta rigingine a tabarma ba matashi. In ƙeyarsa ta sauka ta taɓa ƙasa, ko ta kusa, ƙashin bai daskare a haka ba, motsa jiki zai yi tasiri. In kan ya sunkuyo ne cikin 'yan makonni bayan an fara wani sabon magani, musamman magungunan Parkinson irin su pramipexole ko ropinirole, a gaya wa likita, don an san suna jawo haka ga wasu.

Amma wanda na fi so ki bincika shi ne na tsayuwar nan. Kin ce daga ƙeya zuwa kafaɗu biyu, in ya daɗe a tsaye, da jiri. Parkinson na taɓa jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini idan mutum ya miƙe, sai jini ya sauka, tsokar wuya da kafaɗa waɗanda ke aiki ba tsayawa su rasa isasshen jini su fara ciwo. Alamarsa ita ce in ya kwanta, cikin 'yan mintuna ciwon ya tafi. Levodopa na ƙara saukar da jinin, maganin hawan jini ma haka. Wannan ciwon, man zafi ba ya taɓa shi ko kaɗan. Gwajinsa a gida yake: ya kwanta minti biyar a auna jini, ya miƙe tsaye a auna bayan minti ɗaya, a sake bayan minti uku, wani na tsaye kusa da shi. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10 ko fiye, an samu. A yi da safe kafin kari, a kuma yi bayan abincin rana.

Ki samu takarda ki ja layi, na mako guda. Ki rubuta lokacin kowace ƙwaya, da lokacin abinci da abin da ya ci, da ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10 a lokacin kowace salla biyar, da ko a tsaye yake ko a zaune. Takardar nan ta fi duk bayanin baki amfani ga likitan da zai gan shi.

Stugeron ɗin kuma a ajiye shi daga yau. Bayanin na bar wa masu magani.

Malam Sani (likitan gashi da motsa jiki)

Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Dakta ya share mana fage, ni zan tsaya kan abin da za a yi da hannu, bisa sharaɗin babu waɗancan alamun haɗari.

Kan babban mutum ya kai kilo biyar. In yana zaune daidai bisa kafaɗa, ƙashi ne ke ɗauke da shi. In ya zarce gaba, tsokar dokin wuya ce ke riƙe shi, kamar bambancin rungume bokitin ruwa da riƙe shi a miƙe da hannu. Parkinson kuma tana tura mutum gaba ne: gadon baya ya lanƙwashe, kafaɗu su zagayo, tsokar ƙirji ta gajarce. Saboda haka wanda ya tsaya murza wuya kaɗai ya bar ƙirji da gadon baya, bai yi rabin aiki ba.

Lokacin motsa jiki shi ne sa'ad da magani ke aiki, wato kamar minti 45 zuwa awa ɗaya bayan ƙwayar safe. In aka tilasta shi da asuba jiki a ɗaure, zai ji zafi ya tsani abin, gobe ba za ki same shi ba. A fara da gashi: tawul a tsoma a ruwan ɗumi a matse, a ɗora daga ƙeya zuwa kafaɗu, ana sabuntawa in ya huce, minti 15 zuwa 20. Ki gwada ruwan a cikin damtsenki, ba a tafin hannu ba, don tafin mai aikin girki ya saba da zafi. Kuskuren da ke ƙona fatar tsofaffi shi ne a shafa man zafi sannan a ɗora gashi a kai. Ɗaya za a zaɓa a lokaci guda. Mai ciwon suga kuma a ƙara kula, yana iya ƙonewa bai ji ba.

Ya zauna a kujera mai ƙarfi mai jingina, ƙafafu a ƙasa. Na farko shi ne jan haɓa: ido na kallon gaba, ya ja haɓa baya kai tsaye har naman ƙasan haɓa ya ninku, ya riƙe daƙiƙa biyar, ya saki, sau goma. Inda ake ɓata shi, mutum ya sunkuyar da kai ƙasa ko ya ɗaga haɓa sama. Ki ɗora yatsa a haɓarsa ki ce ya gudu daga yatsan, ido kuma ya tsaya kan wani abu a bango daidai tsayin fuskarsa. In a zaune ya gagara, ya yi a kwance rigingine, yana danna ƙeya a hankali cikin tawul da aka ninka. Wannan shi ne uwar sauran, in rana ta ƙure ba a yi komai ba, a yi shi.

Daga nan juyawa: haɓa a ɗan ja baya tukuna, ya waiwaya dama iyakar inda zai iya ba tare da kafaɗa ta bi ba, ya riƙe daƙiƙa 10, ya dawo, ya yi hagu, sau biyar kowane gefe. Ki tsaya a bayansa ki dafa kafaɗunsa, ki sa wani jika ya tsaya a gefe yana nuna yatsu ya ce nawa ne. Mai Parkinson yana jin ya yi babban motsi alhali ƙarami ya yi, ƙwaƙwalwarsa ba ta auna girman motsi daidai. Shi ya sa abin kallo a waje, ko madubi, ko ƙirga da ƙarfi, ke sa ya kai inda "juya wuyanka" ba za ta kai shi ba. Sai karkatar da kunne zuwa kafaɗa, daƙiƙa 20, sau uku kowane gefe, ɗaya hannun na riƙe da gefen kujera don kafaɗa kada ta ɗago. Kada a ja kan da hannu, nauyinsa ya isa.

Na ƙirji da baya: ya matse allunan kafaɗa biyu baya da ƙasa, daƙiƙa biyar, sau goma. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa, damatsa a jikin ginshiƙan ƙofar daidai kafaɗa, ya ɗan matsa gaba da ƙafa ɗaya har ya ji ƙirji ya buɗe, daƙiƙa 20 zuwa 30, sau uku. Tunda ana zargin jininsa na sauka, wannan na tsaye a jinkirta shi sai an yi awon da Dakta ya ce. A madadinsa ya kwanta rigingine a tabarma, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a baje gefe, minti 10, sau biyu a rana. In ƙeya ba ta kai ƙasa ba a cike giɓin da tawul, a riƙa rage ninkin mako bayan mako. Yana nan kwance ya karkatar da gwiwoyi biyu dama da hagu sau goma, don gangar jiki ma a ƙage take, kuma ita ke hana waiwaye.

Ban da gashin, motsa jikin duka a zama ɗaya bai wuce minti 20 ba, kuma kullum ake yi. Jan tsoka da ɗan tsami ba laifi. Zafi mai harbi, ko tsira-tsira a hannu, ko jiri, ko gani biyu-biyu, a tsaya a sanar da likita. Juya kai zagaye-zagaye da ake yi a filin wasa kada ya yi.

Wurin kwana da wurin zama kuwa su ne ke warware abin da aka ɗinka da safe. Filo biyu ko uku a ƙarƙashin kai suna tura haɓa kan ƙirji awa bakwai. A rigingine filo ɗaya marar tudu, da tawul a naɗe kaurin damtse a ramin wuya. A gefe, filon ya cike tsakanin kunne da kafaɗa yadda hanci zai yi daidai da tsakiyar ƙirji. Kwanciya rub da ciki a bari. Kujerar kushin mai nutsewa ta falo, ita ce babbar mai laifi, a mayar da shi kujerar katako da ɗan matashi a ƙugu. Alƙur'ani ko littafi a ɗora a tebur a jingine, ba a cinya ba, waya ma a ɗago ta. Duk rabin awa ya miƙe baya ya ja haɓa sau biyar. A sanyin Disamba da Janairu rawani ko mayafi a wuya da safe ba ƙaramin taimako ba ne, sanyi na ƙara ɗaure tsoka.

Abin wuya na soso ban ba da shawararsa a matsayin abin sawa wuni ba. Yana karɓe aikin tsoka, ta ƙara mutuwa, ranar da aka cire shi, kan ya fi da faɗuwa. Ga wanda kansa ya sunkuyo sosai ana iya sa shi na ɗan lokaci, kamar a tafiyar mota, in likitan gashi ya auna masa. Ba a cin abinci da shi.

Mai ɗori kuwa aikinsa karaya, nan kuma babu karaya. Abin da nake tsoro shi ne murɗa wuya a ji ƙas, ko a wajensa ko a shagon aski bayan an gama gyaran fuska. A wuyan dattijo mai ƙashi da ya cinye, hakan na iya danne laka ko yaga jijiyar jinin da ke bi ta ƙashin wuya zuwa ƙwaƙwalwa, a samu shanyewar ɓarin jiki. Tausa mai laushi da man kaɗanya a kafaɗu da dokin wuya, wannan a yi, amma ban da gefen maƙogwaro inda jijiya ke harbawa, dannawa a nan na iya sumar da mutum. Ƙaho ba ya kai wa ga tushen ciwon, ga zubar da jini ga wanda jininsa ke sauka. Ku nemi likitansa ya rubuta muku takardar zuwa sashen gashi a Shika, a gan shi ido da ido ko sau biyu ne, a gyara masa yadda yake yi.

Hajiya Rabi (mai haɗa magunguna)

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Stugeron sunan maganin cikinsa cinnarizine, kuma yana toshe wuraren da dofamin ke aiki a ƙwaƙwalwa. Ko mai lafiya in ya daɗe yana sha, musamman tsoho, yana iya fara karkarwa da sandarewa. Ga Baba kuwa, Sinemet na turawa shi yana ja. Ki tuna ko wuyan ya ƙara ƙagewa bayan an fara shi. Ba shi kaɗai ba ne: metoclopramide da Stemetil na amai da jiri, da haloperidol da Largactil, duk hanyarsu ɗaya. Ki rubuta sunayen nan a takarda ki sa cikin ledar maganinsa, duk inda za a ba shi magani ko allura a fara nunawa. In amai ya dame shi akwai wanda likita zai zaɓa masa.

Sai abinci, wanda a ganina nan ne gidaje da yawa ke asarar rabin maganin da suka saya da tsada. Levodopa ta ƙofa ɗaya yake shiga jini da sinadaran da ke cikin abinci mai gina jiki, a hanji da kuma a mashigar ƙwaƙwalwa. In aka haɗiye ƙwayar bisa ƙosai da shayi mai madara, ko wake da shinkafa, ko fura da nono, ko awara, ko ƙwai, sai su yi masa cunkoso, ya makara ko ya ƙi aiki. A sha shi da kofin ruwa cikakke minti 30 kafin abinci, ko awa ɗaya zuwa biyu bayan abinci. In yana tayar masa da zuciya a ciki wayam, ɗan biskit ko koko marar madara ya wadatar. Ba cewa na yi a hana shi nama da wake ba, tsoho na bukatarsu, tazara kawai za a ba su. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana kama levodopa a ciki, a raba su da awa biyu aƙalla. Kuma a kula da bayan gida: in ciki ya ɗaure kwana uku, magani na daɗewa kafin ya isa inda jiki zai zuƙe shi. Ruwa, da miyar kuɓewa ko kuka ko zogale, da gwanda, da tafiya.

Diclofenac na sha kuwa, ga mai shekara 68 da hawan jini, ba abin yi kullum ba ne. Yana cin ciki har ya kai ga gyambo da zubar jini, yana taɓa ƙoda, yana hargitsa hawan jini. Ibuprofen da piroxicam 'yan gida ɗaya ne da shi, haɗa biyu ninka haɗari ne ba ninka sauƙi ba, kuma irin haɗin da ake ƙullawa a leda na ciwon jiki yawanci su ne a ciki. Farasitamol ya fi masa: ƙwaya biyu na miligiram 500, tazarar awa shida, kada ya wuce giram uku a rana tunda dattijo ne, in kuma jikinsa bai kai kilo 50 ba ko yana da ciwon hanta a rage da shawarar likita. Diclofenac na shafawa kaɗan ne ke shiga jini, shi ya fi dacewa. Tramadol kada a kusance shi ba da takardar likita ba, yana kawo jiri da ruɗewa da ɗaurewar ciki, kuma haɗuwarsa da wasu magungunan Parkinson, selegiline ko rasagiline, haɗari ne babba.

Artane ki tambayi likita ko har yanzu yana bukatarsa. Yana rage karkarwa, amma ga wanda ya haura 65 yakan busar da baki, ya ɗaure ciki, ya riƙe fitsari, ya kawo mantuwa da gane-gane. Sai dai ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Sinemet kuwa ko kusa kada a bari ya yanke. Dakatar da shi kwatsam na iya jawo sandarewar jiki duka da zazzaɓi mai zafi da gushewar hankali, har a rasa rai. In saura na mako guda a nemo wani. Batun azumi ma a tattauna da likita tun kafin watan ya kama.

Maman Khalil, Tudun Jukun

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babu zazzaɓi, bai kuma faɗi ba. Mun ajiye Stugeron da diclofenac. Mun auna jinin yau da safe: a kwance 150 bisa 88, bayan minti uku a tsaye 118 bisa 74, kuma ya ce wuyan ya fara. Da ya kwanta ya lafa. Dakta, mu daina ba shi amlodipine ɗin ne? Sannan ya ce in tambaya masa batun salla, tsayuwar na wahalar da shi amma ba ya son zama.

Dakta A. (likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi)

Faɗuwar 32 a sama da 14 a ƙasa ta wuce ma'aunin, saboda haka kada ku jira mako biyar. Ku je asibiti cikin makon nan da lambobin a rubuce. Amma kada ku tsayar da amlodipine da kanku. Kin ga a kwance jininsa 150 ne, masu wannan matsalar da yawa haka suke, a kwance ya hau a tsaye ya faɗi, likita ne zai auna ko a rage, ko a canza, ko a sauya lokacin sha. Saboda wannan dalilin kada ku ƙara masa gishiri don wani ya ce yana ɗaga jini.

Kafin nan, ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, in ba an taɓa ce masa yana da ciwon zuciya ko ƙoda ba. Da asuba kafin ya sauko daga gado ya shanye ruwan leda ɗaya, rabin lita ke nan, cikin 'yan mintuna ba kurɓa-kurɓa ba. Yana ɗaga jini cikin minti 10 zuwa 15, ya riƙe kusan awa ɗaya. Tashi kuma mataki-mataki: ya zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu yana motsa ƙafafu, sannan ya miƙe yana dafe da wani abu. A ɗaga ƙafafun gadon na wajen kai da bulo mai inci shida a kwance, gadon duka ya karkata, ba a tara filo ba kamar yadda Malam Sani ya hana. Wannan na rage hawan jinin dare da yawan fitsarin dare, da safe jinin bai faɗi sosai ba. Tuwo mai yawa a zama ɗaya na janye jini zuwa ciki, a raba abincin kaɗan-kaɗan, ya huta a zaune bayan ci. Wanka da ruwa mai zafi sosai a bari, ya yi da mai ɗumi a kan kujera. Ki sa ran abin zai ƙaru in zafin Maris da Afrilu ya shigo, a ƙara ruwa a lokacin.

Batun salla, malamai sun fi ni sani, amma sanannen abu ne cewa wanda tsayuwa ta gagara an yarda ya yi a zaune. Ta fuskar lafiya, wurin da ya fi haɗari shi ne ɗagowa daga sujada zuwa tsayuwa kai tsaye, nan jini ke faɗuwa. A ajiye masa kujera a bayansa a kan sallaya, in jiri ko ciwon wuyan ya taso ya zauna ya ƙarasa. A masallaci ya tsaya ƙarshen sahu kusa da bango.

Malam Sani (likitan gashi da motsa jiki)

Tunda haka awon ya nuna, duk motsa jikin da na lissafa a yi su a zaune ko a kwance, na bakin ƙofa a bar shi sai likita ya daidaita jinin. Gashin ma ya tsaya a wuya da kafaɗa, kuma bayan an gama ya zauna minti biyar kafin ya tashi. In jiri ya kama shi a tsaye ba kujera kusa, ya harɗe ƙafafu ya matse cinyoyi da ɗuwawu da ƙarfi yana dafe da bango, hakan na tura jini sama na ɗan lokaci har a kawo masa wurin zama.

Ranar zuwa Shika, in da hali a samu mota maimakon Keke Napep ko acaɓa, girgizar hanya na tayar da wuyan da ya ƙage. Ya zauna gaba, a ɗaga majinginar kai ta kai tsakiyar ƙeya, tawul a naɗe a ramin wuya. A tafi da ƙwayar rana da ruwa a jaka, kada layi ya sa lokacinta ya wuce.